Almakashin Baba

A shagon mahaifina da ke kan titin Bauchi a Jos akwai wata ƙusa a bango, daidai saman teburin yanka, inda ake rataye almakashi. Baƙi ne, mai nauyi, an naɗe mariƙinsa da tsumma don kada ya ci yatsa. Duk yaron da iyayensa suka kawo koyon ɗinki, abu na farko da za a gaya masa shi ne kada hannunsa ya kai can. Da shara zai fara, da ɗebo ruwa, da hura gawayi a dutsen guga. In an ga natsuwarsa a ba shi allura, ya riƙa saka maɓalli yana kalmasa. Daga nan ya hau keke, ya yi ta haɗa abin da wani ya yanka, wata da watanni. Sai ran nan, babu sanarwa, Baba ya miƙa hannu ya sauko da almakashin, ya shimfiɗa shaddar mutane a kan tebur, ya ce, "Bismillah," ya koma gefe ya zauna. Na sha ganin ƙato da gemunsa hannunsa na karkarwa a irin wannan rana. Kuma tun ina yaro na lura cewa daga ranar yaron yakan canza. Shi zai riga kowa buɗe shago. Shi zai tsaya yana warware ɗinkin da ya ɗan karkace, ko da mai kayan ba zai taɓa gani ba.

Ni ban gaji ɗinki ba. Kwamfuta ce ta ɗauke ni, tun zamanin da muke ɓoye kuɗin tara mu sayi awa ɗaya a shagon intanet. Na shiga Jami'ar Jos na karanci kimiyyar kwamfuta, amma yawancin abin da hannuna ya iya na koye shi ne a yajin aikin malaman jami'a na 2013, wanda ya zaunar da mu a gida daga Yuli har Disamba. Yayan wani abokina ya ara mini tsohuwar laftof wadda batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta take tashi. A bayan shagon Baba nake zama saboda janareto, ina koyon rubuta manhaja cikin ƙarar kekuna. Da aka buɗe cibiyar fasahar kwamfuta ta nHub a 2015, muka ga ashe a Jos ɗin nan ma ana iya zama a gina manhajar da za a saya, ba sai an je Legas ba. Na gama a 2016, na yi bautar ƙasa ana ba mu alawus na naira 19,800, a farkon 2018 kuma na sami aiki a Abuja, a wani ƙaramin kamfani mai yi wa makarantu masu zaman kansu manhajar rajistar ɗalibai da haɗa sakamakon jarrabawa. Umma ta yi sadakar waina. 'Yan unguwa suka laƙaba mini Injiniya.

A Mararaba na kama ɗaki, domin hayar cikin gari ba ta sabon ma'aikaci ba ce. Wanda ya san hanyar nan ya san abin da nake nufi: in ba ka fito da an sallame Asuba ba, cunkoson Nyanya zai riƙe ka har rana ta take, ka iso AYA a gajiye tun ba ka taɓa aikin ba. Amma a wancan lokacin ban san ina gajiya ba. An ajiye ni a teburin karɓar ƙorafi. Malami ya manta kalmar sirrinsa, ni. Firintar makaranta ta ƙi fitar da rasit, ni. An shigar da sunan yaro sau biyu, ni. Oga ya ce na wata shida ne kawai, in san kwastomomi, daga nan in koma ɗakin masu gina manhaja. Ɗakin yana ƙarshen baranda, ƙofarsa ta gilashi ce, daga kujerata ina hango su suna gardama a gaban farin allo.

Na sayi littafi mai bango mai ƙarfi. Duk ƙorafin da ya shigo sai na rubuta, in bi diddiginsa har in gano daga ina yake fitowa, ran Juma'a in tsara shawarwari in tura wa Oga. Da dare a Mararaba, in an kawo wuta, in buɗe kwafin manhajar da aka yarda in duba, ina karantawa layi-layi kamar mai bitar hadda. Babu wanda ya sa ni. Ina ganin ƙofar gilashin nan, kuma ina ganin kowace rana tana matso da ni kusa da ita.

Wata shida suka zama shekara, shekara ta zama biyu. Duk lokacin da na tuna masa, amsar ɗaya ce, kuma da fara'a yake ba ni: "Ka yi haƙuri, Injiniya. Shugabannin makarantun nan kai suke nema da suna. In na ɗauke ka daga nan, wa zai riƙe mini su?" Ba zan zalunce shi ba. Bai taɓa riƙe mini albashi ko na kwana ɗaya ba. Sau biyu ya yi mini ƙari ban roƙa ba. Da Umma ta kwanta asibiti, shi ya fara turo kuɗi kafin 'yan uwa. Amma a shekara ta uku aka ɗauko mutum biyu daga waje aka sa su a ɗakin gilashi, ɗayansu ina aji huɗu yana aji biyu a jami'a. Na yi masa murna, na nuna masa inda ake sayen abinci mai sauƙi. Da na koma kujerata wayar ƙorafi tana ƙara, na zauna ina kallonta har ta katse.

Abin da ya biyo baya a hankali ya zo, kamar yadda gara ke cin azara. Da farko na daina tura shawarwarin Juma'a, tunda ko amsa ba a ba ni. Sai na daina rubutu a littafin. Sai na daina fitowa da Asuba, in iso ƙarfe tara da rabi in ce cunkoso, kuma ba ƙarya na yi ba, cunkoson yana nan tun da can. In an tambaye ni abu, in amsa daidai abin da aka tambaya, ko wasali ba na ƙarawa. Wata kalma ta shiga bakina wadda da ba na faɗa: ba aikina ba ne. Da aka rufe Abuja a ranar 30 ga Maris 2020 saboda korona, muka koma aiki daga gida, sai abin ya sami mafaka. A shiga mitin ta Zoom, in kashe kyamara, in an kira sunana in ce ina ji. A Oktoban shekarar labari ya zo cewa kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin Najeriya mai harkar biyan kuɗi ta intanet, a kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200, abokan karatuna suna ta turo labarin a WhatsApp suna cewa lokacinmu ya yi. Wasu sun sami aikin da ake yi daga ɗaki a biya da dala, wasu suna shirin Ingila da Kanada. Ni ma na yi rajistar kwasa-kwasai a intanet har uku, ban gama ko ɗaya ba. Karatun da ba ka da inda za ka gwada shi, zuba ruwa ne a kwando.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa nake wannan rubutu, wanda na daɗe ban gaya wa kowa ba sai mutum uku.

A farkon 2021 ƙorafi iri ɗaya ya shigo mini sau uku daga makarantu daban-daban. In an sauya wa ɗalibi aji a tsakiyar zango, a ce daga aji 2A zuwa 2B, makin gwajin da ya yi a tsohon ajin ba ya bin sa. Manhajar sai ta ɗauki gurbin a matsayin sifili. Da na ga na uku na gane inda matsalar take, har layin da ke jawo ta na sani, domin na karanta shi a Mararaba tun shekara biyu baya. Na gyara wa waɗancan ukun da hannu, na rufe ƙorafin, na yi shiru. Tafiyar daƙiƙa ashirin ce daga kujerata zuwa ƙofar gilashi. A raina na ce, masu ɗakin su gano da kansu, ai su ne injiniyoyi.

Ƙarshen zango ya zo, aka raba sakamako. Ran Litinin wata shugabar makaranta ta kira ni, dattijuwa ce da muka saba, kullum "ɗana" take ce mini. Muryarta na rawa. Ta ce akwai yarinya 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare, ba ta taɓa wuce ta biyar a aji ba, takardarta ta fito ta faɗi darasi shida. Mahaifinta ya ce tunda ba ta ja, ba zai ci gaba da zubar da kuɗinsa ba, ta zauna a gida. Kwana biyu yarinyar ba ta ci abinci ba, tana rantsuwa ta rubuta gwajin. "Ɗana, don Allah duba mini, ni na san yarinyar nan." Ban buƙaci dubawa ba. Na tambaye ta ko an sauya mata aji, ta ce e, a mako na biyar. Cikin awa ɗaya aka gyara layin, aka sake fitar da takardu a makarantu da dama. Shugabar da ƙafarta ta kai wa uban sabuwar takarda har gida, yarinyar ta koma makaranta. Ta sake kira tana sa mini albarka, tana cewa Allah ya ba ni masu yi mini. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A goman ƙarshe na azumin shekarar na tafi Jos. Wanda ya tashi a gidan tela ya san wannan lokaci: ba a barci, kaya sun yi tsibi, masu kaya suna zarya. Bayan Asham na shiga shago na ɗauki allura ina taya su saka maɓalli, sanyin Jos na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Baba yana kan teburin yanka, bai ɗago ba ya ce, "Wannan zuwan ba ka ba mu labarin aiki ba."

Na ce, "Aiki alhamdulillahi, Baba."

Ya ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska."

Na jira yaran suka fita shan shayi, na kwashe komai na gaya masa, har da maganar yarinyar. Bai katse ni ba, bai kuma daina yanka ba. Da na gama ya ajiye almakashin, ya tambaye ni ko na tuna wani yaro dogo da ya yi zamani a shagon ina firamare. Na tuna shi. Ya ce bai taɓa samun yaro mai tsabtar ɗinki kamarsa ba, kuma wannan ce ta sa ya riƙe shi shekara biyar a kan keke bai ba shi yanka ba, don yana tsoron in ya iya zai tafi ya buɗe nasa. "Ƙarshe ya tafi ɗin, kuma bai iya ba. Ya bar keken ɗinki ya koma keken haya. In na hango shi a Terminus yana kiran fasinja, kawar da kai nake yi. Har gobe ina neman gafarar Allah a kan yaron nan."

Na ɗauka ya gama, har na fara jin sanyi a raina cewa ya fahimce ni. Sai ya juyo ya dube ni sosai. "Amma kai, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Maigidanka ya hana ka almakashi, wannan tsakaninsa da Allah ne. 'Yar mutane me ta yi maka? In ba za ka iya aikin da zuciya ɗaya ba, ka yi masa sallama ka tafi, arziki na Allah ne. Amma kada ka zauna kana karɓar albashi kana ɓata yadin mutane."

Bayan Sallah na shiga ofishin Oga na gaya masa cewa na san da matsalar nan tun kafin ta fashe. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce me ya hana ni faɗa. Na ajiye masa littafin nan a kan tebur, ya buɗe yana juya shafuka, ya ga inda rubutun ya tsaya. Na ce wannan ba hujja ba ce, laifin nawa ne, amma ga inda abin ya faro. Mun rabu lafiya. Na yi wata uku ina koya wa wanda zai gaje ni, kuma a wata ukun nan na yi aiki kamar shekarar farko, don in fita da haƙƙin mutane.

A ƙarshen 2021 na koma wani kamfani mai yi wa masu POS manhaja. Albashin bai kai wanda na baro ba, matata ta yi shiru da na gaya mata, sannan ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Shugabar sashen injiniyoyi, wadda kowa ke ce wa Hajiya, ita ta yi mini tambayoyin ɗaukar aiki. Ba ta dubi takarduna ba. Ta ajiye mini manhaja mai matsala ta ce in nemo, ta zauna tana kallon yadda nake nema. Daga nan ta yi mini tambayar da shekara huɗu babu wanda ya yi mini: "Malam, nan da shekara biyu, me kake so hannunka ya iya wanda bai iya ba yau?" Na buɗe baki na rasa amsa, domin na daɗe da daina yi wa kaina wannan tambaya. Ta zaro takarda guda ɗaya ta miƙo mini. Matakai huɗu ne a rubuce, daga ƙaramin injiniya zuwa jagoran tawaga, kowane mataki da abin da ake so mutum ya iya kafin ya hau shi, da albashinsa a gefe. Ta ce, "Kana nan, na ɗaya. Ba na yin alkawarin baki. In ka cika abin da ke rubuce ban ɗaga ka ba, ka kawo mini takardar nan ka tuhume ni."

Aikin farko da na miƙa ya dawo mini da gyara ashirin da bakwai. Kunya ta kama ni har na kasa cin abincin rana. Amma a mota, cikin cunkoson Nyanya, na tsinci kaina ina ta juya gyara na goma sha ɗaya a kaina, ina neman dalilin da ya sa hanyarta ta fi tawa, har kwandasta ya taɓa ni ya ce mun iso. Rabon da tunanin aiki ya biyo ni cikin mota har na manta. Duk bayan mako biyu, ran Laraba, Hajiya takan ware mini rabin awa. Ba ta tambayar ina aka kwana a aikin kaza, wannan akwai mitin ɗinsa daban. Tambayarta ita ce me na koya, me ya gagare ni, me nake so a ba ni nan gaba.

Sai ga canjin kuɗi. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kowa ya tuna yadda aka yi: mutane suna kwana a layin ATM, ana sayen naira da naira, mai shayi da mai nama da mai kayan miya duk sun koma karɓar tiransifa. Mu a wurinmu abin ya zo kamar ambaliya. Ƙorafi ɗaya ne ya fi yawa: an cire wa mutum kuɗi sau biyu. Na zauna da bayanan kwana uku na bi su ɗaya bayan ɗaya, na gano cewa in banki ya yi jinkirin amsawa, manhajarmu takan ɗauka saƙon bai isa ba, ta sake turawa nan take, alhali na farkon yana kan hanya. A lokacin da babu cunkoso hakan ba ya faruwa sai jefi-jefi. Yanzu da bankuna ke numfashi da kyar, ya zama ruwan dare, kuma maimaita turawar yana ƙara cushe layin. Maganin shi ne kowace buƙata a ba ta lamba tata ita kaɗai, ta yadda in ta zo karo na biyu za a gane ta a yi watsi da ita, sannan a riƙa tsawaita jira tsakanin gwaji da gwaji.

Wannan karon ko minti biyar ban yi da ganowa ba na miƙe na sami Hajiya. Ta saurara, ta yi tambaya biyu, ta ce, "Kai ka gano, kai za ka gyara, kai kuma za ka ɗora."

Ɗorawa a kan uwar garke, wato babbar kwamfutar da kuɗin jama'a ke bi ta cikinta kai tsaye, mutum biyu ne kawai ke da mabuɗinta a kamfanin, ita da mataimakinta. Kwana biyu muka yi muna gwaji a gefe. A dare na uku, wajen ƙarfe ɗaya da rabi, lokacin da ciniki ya lafa, ta buɗe mini izini da sunana, ta ja kujerarta baya har ta jingina da bango, ta harɗe hannu. Janareto na ruri a waje, shayin da aka haɗa tun goma ya huce a kofuna. Na rubuta umarnin, na karanta shi sau uku, na ga yatsana yana rawa a kan madanni. Na yi Bismillah na danna. Muka zura wa allo ido. Ciniki na farko da ya bi ta sabuwar hanya na naira 1,500 ne, daga wani mai POS a Kubwa. Bankin ya yi jinkiri, manhajar ta jira, ta sake tambaya, aka gane lambar, kuɗi suka fita sau ɗaya. A ofis muka yi sallar Asuba. Da gari ya waye na fita baranda na kira Jos, na ce, "Baba, jiya an ba ni almakashi." Ya yi shiru kaɗan, na ji ƙarar keke a bayansa. Ya ce, "To, madalla. Ka riƙe amana, yadin mutane ne."

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ina cewa kuɗi ba komai ba ne. Wata uku bayan wannan dare, a ranar 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma 537 a Abuja cikin 'yan kwanaki. A farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Abokan aikina biyu, waɗanda suke son aikin kamar ransu, suka tafi inda ake biya da dala, kuma ban ga laifinsu ba, da iyali a wuyansu. Na kuma san kamfanoni a garin nan da suka mai da kalmar "za ka koyi abubuwa da yawa" abin rufe bakin yara, suna ba su abin da ko kuɗin mota bai isa ba. Wannan zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi. Abin da na gani a jikina dai shi ne, an yi mini ƙarin albashi sau biyu zuciyata tana mutuwa, an kuma rage mini albashi ta farfaɗo. Yunwa tana korar mutum daga wurin aiki. Rufe masa hanya kuwa ba ya korarsa, yana barinsa ne a zaune a kan kujera babu shi, kuma a irin aikinmu wannan ya fi haɗari, domin matsalar manhaja ba ta ihu. Sai wanda ya damu ne yake ganinta, sai kuma wanda ya damu ne yake tashi ya faɗa.

Akwai wasu tambayoyi 12 da kamfanin Gallup na Amurka ke auna yadda ma'aikata suka sa zuciyarsu a aiki da su, Hajiya takan raba mana su sau ɗaya a shekara. Babu ta albashi a ciki ko ɗaya. Biyun ƙarshe su ne ko a wata shidan da suka wuce wani a wurin aiki ya zauna da kai a kan ci gabanka, da kuma ko a shekarar nan ka sami damar koyo da ƙaruwa. A rahotonsu na 2023 sun ce kashi 23 cikin ɗari ne kawai na ma'aikatan duniya zuciyarsu ke cikin aikinsu, kashi 59 kuwa suna zuwa ne kawai su cika awanni. Da na ga adadin nan ban yi mamaki ba. Na yi shekara biyu a cikinsu, na san yadda kujerar take.

A 2024 aka ɗaga ni mataki na huɗu, aka ba ni mutum shida. Cikinsu akwai wata yarinya da ta fito daga shirin 3MTT, wanda ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 da burin horar da mutum miliyan uku. Daga Suleja take zuwa kullum. Na ajiye ta a teburin ƙorafi, na ce na wata uku ne. Allah ya ba ta baki. Mai POS zai kira yana zage-zage, kafin minti biyu ka ji yana cewa na gode ƙanwata. A watannin farko ta cika mu da tambaya a mitin, wani lokaci har sai na ce a bari sai an tashi. Daga baya tambayoyin suka ragu, sannan suka ɗauke, ni kuwa na ɗauka ta goge ne.

Wata goma sha ɗaya tana nan, Hajiya ta kira ni a kan waɗanda za a matsar gaba. Ta kai kan sunan yarinyar ta ce, wannan fa? Na ji bakina yana cewa, "Hajiya, masu POS ita suke nema da suna. In na ɗauke ta daga nan, wa zai riƙe mini su?"

Ban ƙarasa rufe baki ba na ji muryar wanda na ara. Hajiya tana cikin mutum ukun da suka san labarina. Ba ta ce komai ba, ta dai cire tabarau ta dube ni. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekara uku ina ɗauke da haushin mutumin nan a raina, ashe abin da ya sa shi yin haka ba mugunta ba ce. Sauƙi ne, irin wanda nake ji yanzu duk ranar da wayar ƙorafi ta yi ƙara wani ya ɗauka ba ni ba.

Ran Alhamis na kira yarinyar. Ta shigo a ɗarare, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Oga, na yi wani laifi ne?"

Na ce, "Zauna, ƙanwata. Ni ne na yi." Na gaya mata na ce wata uku, ga shi an kusa shekara, kuma ba don ta gaza ba ne, don ta iya ne. Na ce daga Litinin za ta karɓi sashen daidaita lissafin ƙarshen rana, ita za ta rubuta, ita za ta kare aikinta a gaban tawaga. Wayar ƙorafi kuma za mu raba ta, ni da kaina zan riƙe Talata da Alhamis har a ɗauki wani.

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Ta ce, "In na ɓata fa?"

Na ce, "Za ki ɓata. Ina kujerar kusa da ke, mu gyara."

Ran Litinin na iso ƙarfe bakwai da rabi na tarar ta riga ni. Ta jira na ajiye jaka, sannan ta zo ta ɗora wani ƙaramin littafi a kan teburina, irin na 'yan makaranta mai shafi arba'in. Ta ce abubuwa ne da ta riƙa gani a ƙorafin mutane tun bara, ta rubuta, amma ta ga kamar ba hurumin ta ba ne ta faɗa. Guda goma sha ɗaya ne, kowanne da kwanan wata da lambar cinikin. Na ja kujera na ce ta zauna mu fara daga na farko. Na uku a jerin, a cikin aikin da na rubuta da hannuna yake.